Yadda ake shuka ƙananan tulip na daji su riƙa dawowa kowace shekara

Duk wanda ya zauna a Ingila, Jamus, Holan, Kanada ko arewacin Amurka ya san manyan furannin tulip da ke cika lambunan gari a watan Afrilu. Waɗancan barbararru ne, an yi ɗaruruwan shekaru ana haɗa irinsu, kuma yawancinsu shekarar farko kawai suke ƙayatarwa. A ta biyu furen ya ƙanƙance, a ta uku sai ganye. Akwai kuma kakanninsu na daji, wajen nau'i 75, waɗanda tsayin mafi yawansu bai wuce santimita 10 zuwa 30 ba. Su idan aka dace da wuri sai su zauna, su hayayyafa, su yi shekaru suna fitowa ba tare da an sake sayen ko ɗaya ba.

Cibiyar asalinsu duwatsun Tien Shan da Pamir-Alai ne a tsakiyar Asiya, wato Kazakistan, Kirgizistan, Uzbekistan da Tajikistan, daga nan suka bazu zuwa Iran, Turkiyya da bakin tekun Bahar Rum. Shekarar can kashi uku ce a wurin tsiron: hunturu mai tsananin sanyi da dusar ƙanƙara, sai 'yan makonni na danshi da rana lokacin da ƙanƙarar ke narkewa, sai dogon rani mai zafi da ƙasa ke bushewa ƙayau. Aikin mai lambu duka shi ne ya kwaikwayi wannan shekarar. Sanyin, Ingila da sauran ƙasashen da aka ambata a farko suna da shi kyauta. Bushewar rani ce ke wuya, kuma a nan ne yawancin mutane ke asarar shukarsu.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa

Tulip na fitowa ne daga wani dunƙule mai kama da ƙaramar albasa, mai ɓawo ruwan ƙasa, tsini a sama, faffaɗan gindi a ƙasa. Albasar da aka binne a Nuwamba ba ita za a tarar ba idan aka tona a Yuli. Tana ƙarar da abincin da ke jikinta wajen fitar da ganye da fure, ta shanye, sabuwa ta maye gurbinta, sau da yawa da 'ya'ya ɗaya ko biyu a gefe. Girman sabuwar ya dogara kacokan ga abincin da ganye ya tara mata a makonnin da ke bayan fure. Sannan a cikin rani, tana kwance a busasshiyar ƙasa mai ɗumi, ƙwayar furen baɗi ke haɗuwa a cikinta. Bayan haka tana buƙatar makonni 12 zuwa 16 a sanyin da bai haura digiri 9 a ma'aunin Celsius ba kafin kara ya iya miƙewa. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin kowane mataki da ke tafe, ya kuma iya gano inda matsala ta fito idan fure ya ƙi.

Wanne za a saya

Ga mai farawa, babu kamar Tulipa tarda, wadda wasu masu sayarwa ke rubuta wa Tulipa urumiensis. Tsayinta santimita 10 zuwa 15, furenta rawaya mai farin baki, albasa ɗaya kan ba da fure huɗu ko biyar, kuma ta fi sauran haƙuri da ƙasar da ba ta kai yadda ake so ba. Tulipa turkestanica na riga ta fitowa, tun watan Maris, da ƙananan furanni farare masu rawayan ciki, wani lokaci har goma a kara ɗaya. Ƙamshinta dai ba na yabo ba ne, kada a yanko ta a kai ɗaki. Tulipa humilis, 'yar Turkiyya da Iran, gajeriya ce ƙwarai, furenta ja mai sirkin shunayya. Ire-irenta masu suna 'Little Beauty' da 'Persian Pearl' su aka fi samu a kasuwa. Ita ba ta yafe jiƙaƙƙiyar ƙasa ko kaɗan, don haka ta fi dacewa da tukunya ko tsakanin duwatsu. Tulipa linifolia ja ce wur da siraran ganye, 'yar uwarta 'Bright Gem' kuma rawaya mai ɗan ja-ja.

Tulipa clusiana ta cancanci a tsaya a kanta. Siririya ce, santimita 25 zuwa 30, bayan furen ja da fari a jere, cikinsa fari ko rawaya. An sa mata sunan Carolus Clusius, masanin tsirran da ya kai tarin tulip ɗinsa lambun jami'ar Leiden a 1593, inda noman tulip na Holan ya samo tushe. Daga Iran zuwa Afganistan da yammacin Himalaya take, kuma ba ta buƙatar sanyi mai yawa kamar sauran. Shi ya sa take ɗorewa a wuraren da hunturu ke da sauƙi, irin su kudancin Faransa ko sassan Kalifoniya. Haka ma Tulipa saxatilis ta tsibirin Kirit na ƙasar Girka, wadda aka fi sanin irinta mai suna 'Lilac Wonder'.

Idan lambun na da inuwa ko ƙasar ba ta bushewa sosai, biyu ne kawai za a dogara da su. Tulipa sylvestris rawaya ce mai ƙamshi, tana rayuwa cikin ciyawa da ƙarƙashin bishiyoyin da ke zubar da ganye, sai dai tana da halin yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa ta cika wuri da ganye, fure kaɗan. Tulipa sprengeri ta arewacin Turkiyya ita ce ta ƙarshen fure, ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Albasarta na da tsada, amma tana zubar da iri ta tsiro da kanta.

Wajen saye, a matsa kowace albasa da yatsa. Mai kyau tana da tauri da nauyi daidai girmanta. Mai laushi, mai tsamin wari, ko wadda gindinta ya yi funfuna, a bar ta. Ɓawo ya ɗan tsage ba komai. Lambar da ke jikin leda, kamar 6/7, kewayen albasar ne a santimita. Na daji ƙanana ne da ma, kada a gwada su da manyan barbararru masu 11/12 a ɗauka an yi cuta. A duba kuma an rubuta cewa a gona aka noma su, domin tonon albasa daga daji ya rage wasu nau'o'in ƙwarai a ƙasashensu.

Wuri da ƙasa

A nemi inda rana ke bugawa aƙalla awa shida a watannin Maris da Afrilu. Wannan ba don girma kaɗai ba ne. Furen waɗannan tulip rana ce ke buɗe shi. Da safe za a tarar da tarda a tsuke, bayanta kore-kore, ba ta da wani fasali. Hantsi na yi sai ta baje kamar tauraro, rawayan cikin ya bayyana, ƙudan zuma su sauka. Gajimare na rufe rana ta sake tsukewa. Wadda aka shuka a inuwar gini za ta iya ƙare kwanakinta ba a ga cikinta ba.

Sai batun ruwa. A haƙa rami mai zurfin santimita 30, a cika shi da ruwa, a dawo bayan awa uku ko huɗu. In har ruwan na nan kwance, wurin bai yi ba sai an gyara. Ƙasar jigawa mai yashi da tsakuwa ba ta buƙatar komai. Ƙasar laka, irin wadda ta yi yawa a Landan da kewayenta, ita ce matsala. Kuskuren da aka saba yi shi ne a haƙa ɗan rami a cikin laka, a zuba tsakuwa a gindinsa, a ɗora albasa. Ramin sai ya zama matattarar ruwan duk kewayen, albasar ta kwana cikin ruwa har ta ruɓe. Gyaran gaskiya shi ne a ɗaga wurin sama da sauran lambun da santimita 15 zuwa 20, a cakuɗa ƙananan tsakuwa cikin ƙasar duka, kashi ɗaya na tsakuwa ga kashi biyu na ƙasa. Yashi mai laushi ba ya maye gurbin tsakuwa, ƙara wa laka tauri yake yi.

A guji wurin da ake ban ruwa a rani. Gefen ciyawar da ake fesa wa ruwa kullum, ko fangalin da za a dasa tumatir da furannin rani a kai, duk ba su dace ba. Gindin katanga mai kallon kudu, bakin hanyar da aka shimfiɗa wa tsakuwa, ko kusa da ƙananan itatuwan da saiwarsu ke shanye danshi a rani, su ne wurare masu kyau. Ɗanyen kashin dabbobi kada ya kusanci albasar. Ƙasa mai tsami sosai a barbaɗa mata farar ƙasar lambu, domin sun fi son wadda ba ta da tsami.

Shuka

A Ingila da ƙasashe masu irin yanayinta, ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Nuwamba ne lokaci, bayan ƙasa ta yi sanyi ƙasa da digiri 10. Jinkirin da gangan ne, don cututtukan funfuna sun fi kama albasa a ƙasa mai ɗumi da danshi. Inda ƙasa ke daskarewa da wuri, kamar yawancin Kanada, a shuka a ƙarshen Satumba ko Oktoba, makonni shida kafin ta ƙanƙare, don saiwa ta samu fita. A kudancin duniya, irin su Ostireliya, Afrilu da Mayu ne.

Zurfi santimita 10 zuwa 15, a auna daga gindin albasar. A ƙasa mai yashi a kai 15, a mai nauyi a tsaya a 10. Tazara santimita 5 zuwa 8. Tsini sama, gindi ƙasa. Wadda aka kasa gane kanta a kwantar da ita a gefe, za ta nemi hanya. Ba a jera su layi. Ƙananan furanni ne, guda uku a nan biyu a can ɓacewa suke yi. A haƙa rami ɗaya mai faɗi, a watsa goma sha biyar ko ashirin a ciki, a gyara zamansu, a rufe. A zuba ruwa sau ɗaya don ƙasa ta kwanta, a shimfiɗa tsakuwa mai kaurin santimita 2 a sama. Tsakuwar na hana laka fantsama kan furen da ke dab da ƙasa, tana kuma tuna wa mai lambu cewa akwai abu a wurin, kada ya kai hauya a Yuli.

A sa safar hannu. Ɓawon tulip na ɗauke da wani sinadari da ke sa fatar yatsu ƙaiƙayi da tsagewa, abin da ma'aikatan gonakin tulip suka sani sarai. Kuma ba albasar miya ba ce: tana da guba ga mutum, kyanwa da kare. Kada a ajiye ta a kicin inda yaro ko baƙo zai ɗauka.

Kurege da ɓera na son ta, musamman a makonnin farko da ƙasar ke da laushi. A shimfiɗa ragar waya mai ƙananan idanu a kan wurin, a danne da duwatsu, a ɗauke idan toho ya fara leƙowa. Inda ɓerayen da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa suka yi yawa, sai a lanƙwasa ragar ta zama kwando, a sa albasar ciki a binne gaba ɗaya. A kwashe ɓawon da ya zuba a wurin shuka, warinsa ne ke kiran kurege.

A tukunya

Ga mai zaman bene ko mai ƙasar laka, tukunya ce mafita, kuma ga humilis da linifolia ta ma fi ƙasa. A samu mai zurfin aƙalla santimita 20 da manyan huji a gindi. Ta yumɓu ta fi ta roba saurin bushewa. Haɗin ƙasa kashi biyu ƙasar tukunya, kashi ɗaya tsakuwa. Tukunya mai faɗin santimita 20 na ɗaukar albasa 10 zuwa 12, kusa da juna amma ba sa taɓawa. A ɗora ta kan bulo don ruwa ya samu fita, a ajiye a waje duk hunturu. Shigar da ita ɗaki don tausayi shi ne zai hana ta fure. Sai dai inda sanyi ke kai wa ƙasa da sifili sosai na kwanaki, tukunya kan daskare har ciki fiye da ƙasar lambu, don haka a naɗe ta da buhu ko a matsar da ita gareji marar ɗumi. A duba lokaci-lokaci, ƙasar ta kasance da ɗan danshi.

Daga toho zuwa bushewar ganye

Da zarar ganye ya fito, a Fabrairu ko Maris, tsiron na son ruwa. In an yi mako biyu ba ruwan sama, a ba shi, a gindi, ba a kan ganye ba. Na tukunya a ba su takin ruwa irin na tumatir, mai yawan fotash, rabin ƙarfin da aka rubuta a kwalba, kowane mako biyu har ganye ya fara rawaya. Na ƙasa barbaɗa taki sau ɗaya ya isa. Taki mai yawan naitirojin ganye yake kawowa, da albasa mai laushi mai saurin ruɓa. Dodon koɗi na cin toho da dare, a riƙa tsince shi.

Bayan fure ya zube ne ake yin babbar ɓarna. Ganyen ya fara muni, sai a yanke ko a ɗaure shi don lambu ya yi tsaf. A bar shi aƙalla mako shida, har ya yi rawaya ya bushe, ya zama ana jan sa da yatsa biyu ya fita ba gardama. In cikin ciyawa aka shuka, injin yankan ciyawa ya kauce wa wurin har lokacin. Ƙwanson iri kuma ya danganta da abin da ake so: a tsinke shi idan ana son albasa ta yi ƙiba, a bar shi ga tarda, turkestanica da sprengeri idan ana son su yaɗu.

Daga nan sai a daina ruwa ɗungurungum. Tukunya a kai ta ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya kai wa, har Oktoba. Na ƙasa, idan wurin ya dace, ba a tono su. Inda rani ke da ruwa sosai kuma ƙasa na riƙe danshi, a tono bayan ganye ya bushe, a shanya a inuwa, a zuba cikin buhun raga ko na takarda, a rataye a wuri mai iska da ɗumin digiri 18 zuwa 20. Leda na sa su gumi su ruɓe. Wajen tono a zurfafa, saboda wasu nau'o'in na tura sabuwar albasa can ƙasa da inda aka binne uwar. Bayan shekara huɗu ko biyar, in kurmin ya cunkushe fure ya ragu, a tono a rarraba.

Idan abu ya lalace

Ganye ɗaya faffaɗa ba fure na nufin albasar ba ta kai girman fure ba, ko don an yanke ganyen bara da wuri, ko inuwa, ko cunkoso. Fure a maƙale cikin ganye ba kara, sanyi ne bai isa ba. Ba abin da ya fito sam: a tona a gani, in an tarar da ruɓaɓɓen ɓawo ruwa ne, in ba komai ɓera ne.

Cutar da ta fi haɗari funfunar Botrytis tulipae ce. Toho kan fito a murɗe, ganye ya yi ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa kamar wuta ta lashe shi, in da danshi sai toka-tokar funfuna ta rufe shi. A tumɓuke tsiron da albasarsa da ƙasar da ke manne, a jefa a shara, kada a sa cikin takin gida, kuma kada a sake shuka tulip a wurin sai bayan shekara uku. Fure mai zane-zanen da ba nasa ba, tare da ganye mai dabbare-dabbare, alamar bairos ce da darɓa ke yaɗawa. Ita ce ta haifar da furannin da aka yi haukan saye a Holan har kasuwar ta rushe a 1637, amma a lambu raunana tsiro take yi, ba ta da magani, sai cirewa. Kada a rikita ta da ratsin ja da fari na clusiana, wanda halitta ne kuma iri ɗaya a kowane fure.

Ƙasa mai zafi

A Kano, Zinder ko Sakkwato waɗannan tsirrai ba za su zauna a ƙasa su riƙa dawowa ba. Ko a Jos, inda daren hunturu ke da sanyi, rana na ɗumama ƙasa, ba a samun wata uku a jere ƙasa da digiri 9, ga damina da ke zuwa daidai lokacin da albasar ke son bushewa. Mai son gwadawa sai ya ɗauke shi a matsayin shukar kaka ɗaya: ya zaɓi clusiana ko saxatilis, ya sa albasar cikin buhun takarda a firji, ba wajen ƙanƙara ba, makonni 12 daga Satumba, ya shuka a tukunya a Disamba da fitarta daga firjin, inda ranar safe kawai ke samu. Firjin na buƙatar wutar da ba ta yankewa na kwanaki, kuma kada a haɗa da tuffa, ayaba ko tumatir, domin iskar etilin da suke fitarwa na kashe ƙwayar furen a cikin albasa. Shigo da albasa daga waje kuma sai da takardun hukumar kula da lafiyar tsirrai. Furen da aka samu a zafi kwanaki kaɗan yake yi.

Daga iri

Idan ƙwanso ya bushe ya fara tsagewa, a Yuli, za a ga irin a jere a ciki, falle-falle, ruwan ƙasa. A ajiye a takarda zuwa Oktoba, a watsa a tukunya mai haɗin ƙasa da tsakuwa, a rufe da tsakuwa santimita 1, a bar ta a waje ta sha sanyin hunturu. A Maris zai tsiro siriri kamar ciyawa, ganye ɗaya tak, ya bushe bayan 'yan makonni. Bai mutu ba, ya ajiye 'yar albasa a ƙasa. A bar su a tukunyar shekara biyu ana ba su taki kaɗan lokacin ganye, a shekara ta uku a dasa. Fure sai bayan shekara huɗu zuwa bakwai. Sprengeri ta fi son a watsa irinta kai tsaye inda za ta zauna, don 'ya'yanta na nutsewa ƙasa da zurfi, in aka zo dasawa sau da yawa ba a samun su.